Yadda na gyara jerin farashin da sort() ya hargitsa

Ina so in jera farashin kaya a JavaScript, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, daga mai araha zuwa mai tsada. Na ba sort(), umarnin da ke jera abubuwa bi da bi, lambobi 5, 100 da 25, sai ya dawo min da 100, 25, 5. Ikon Allah!

Ashe in ba ka nuna masa yadda zai kwatanta ba, kallon rubutu yake yi wa lambobi, ya fara da harafin farko. Shi ya sa 100 ta sha gaban 5.

Na rubuta farashi.sort((a, b) => a - b), wato ya kwatanta su a matsayin lambobi, nan take jeri ya daidaita. Sai dai sort() ainihin jerin yake sauyawa, ni kuwa ina buƙatarsa a wani wuri yadda yake. Don haka na koma toSorted(), wanda ya shigo a 2023, shi sabon kwafi yake bayarwa.