Yadda Mazauna Saudiyya Za Su Shawo Kan Kolestarol Su Kare Zuciya

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da ke yawo a cikin jini, kuma hanta ce ke haɗa mafi yawansa, domin jiki yana da buƙatarsa. Matsala tana farawa ne idan ya yi yawa, musamman nau'in da likitoci ke kira LDL, wanda yake taruwa sannu a hankali a jikin jijiyoyin jini har hanyar ta ƙuntata, wata rana gudan jini ya toshe abin da ya rage, sai a ji an ce wane ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan cuta ba ta sa ciwo, ba ta sa jiri, kuma siririn mutum yana iya kamuwa da ita kamar yadda mai ƙiba yake kamuwa. Mu da muke zaune a Makka da Jidda da Madina, inda nama da mai suke da araha, zafi kuma yake hana mutum taka ƙasa, ya kamata mu ɗauke ta da muhimmanci.

Matakin farko shi ne gwajin jini, a cibiyar lafiya ta unguwa ko a asibitin kuɗi, kuma wanda yake da rajista yana iya neman ganin likita ta manhajar Sehhaty. Wani lokaci za a ce ka zo ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai za ka sha. Idan sakamako ya fito, abin da ake so ga mai lafiya shi ne jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin mg/dL, LDL ƙasa da 100, maiƙon da ake kira tiragilisarayid ƙasa da 150, shi kuma HDL, wanda yake kwashe maiƙo ya mayar da shi hanta, ya haura 40 ga namiji, 50 ga mace. Wasu ɗakunan gwaji suna amfani da wani ma'auni na daban, inda 200 take zama 5.2, 100 kuma 2.6, saboda haka kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya, likita zai so LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 70, ko ma 55. Idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi ciwon zuciya da ƙuruciya, ka faɗa wa likita, domin akwai nau'in da ake gado.

A wajen abinci ne aikin ya fi yawa, kuma tukunyar kullum ta fi ta ranar biki tasiri. Ka lura da farantin kabsa ko mandi bayan an tashi daga ci: idan ya huce za ka ga farin kitse ya daskare a ƙasan shinkafar, kuma irin wannan kitsen mai daskarewa ne yake ɗaga LDL. Yana cikin kitsen rago, da fatar kaza, da man shanu, da kirim da cuku, haka kuma kusan rabin manja shi ne. Ba sai an daina cin nama ba. A yanke kitsen kafin a ɗora tukunya, a sale fatar kaza, kuma idan an dafa romo a bar shi ya huce a kwashe maiƙon da ya taso kafin a zuba shinkafa. Tsiren Shara Mansur na Makka, da soyayyar kaza, da mutabbaƙ, da shawarma, su zama na jefi-jefi. Wake da tamis na safe abinci ne mai kyau, amma a ce wa mai sayarwa ya zuba man zaitun a maimakon man shanu. A girkin gida kuwa man gyaɗa ko man zaitun ko na kanola sun fi, kuma a riƙa auna shi da cokali, a daina tuttula shi daga galan.

Akwai abin da ake ƙarawa, wanda yawancinsa namu ne na gado. Miyar kuɓewa, da wake, da adas, da sha'ir, da hatsin ots da ake miyar buɗa-baki da shi a Hijaz, duk suna ɗauke da wani irin harza mai narkewa, wanda yake riƙe kolestarol a cikin hanji ya fita da shi. Kunun gero da tuwon dawa sun fi farin burodi, ganye irin su zogale da alayyafo kuma su yawaita a faranti. Mazauna Jidda suna da kifin Bahar Maliya a kusa, sai a ci shi sau biyu a mako, gasasshe ko dafaffe. Ɗan dunƙulen gyaɗa marar gishiri ya fi biskit amfani. Sukari kuwa shi yake ɗaga tiragilisarayid, don haka a rage lemon kwalba da shayin da ake cika wa sukari, dabino ma a ci ƙwaya kaɗan, musamman ga mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin. Tun shekarar 2019 aka wajabta wa gidajen abinci a ƙasar nan su rubuta adadin kalori a jerin abincinsu, sai a riƙa dubawa.

Motsa jikin da ake buƙata shi ne minti 150 a mako na tafiya da sauri, irin wadda numfashi zai ɗan ƙaru amma kana iya magana, wato minti 30 a kwana biyar. Da bazara kada a fita da rana. A yi bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ko a cikin manyan kantuna masu sanyi, a kuma sha ruwa sosai. Direba ko mai gadin shago da yake wuni a zaune yana iya raba tafiyar kashi uku, minti goma-goma. Wanda yake jin ciwon ƙirji idan ya yi sauri, ya ga likita kafin ya fara. Sigari da shisha kuwa babu wani gwargwado da ya dace da zuciya, barinsu gaba ɗaya shi ne magani.

Sau da yawa gyaran abinci shi kaɗai ba ya isa, tunda hanta tana ci gaba da aikinta, sai likita ya rubuta maganin da ake kira sitatin, kamar atorvastatin ko rosuvastatin ko simvastatin. Waɗannan suna rage yawan kolestarol ɗin da hanta ke haɗawa, kuma masu ƙarfinsu suna iya sauke LDL da rabi. A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure: da zarar gwaji ya nuna lamba ta sauka, sai a ajiye magani a ce an warke, alhali maganin ne ya sauke ta, kuma cikin 'yan makonni za ta koma inda take. Habbatus sauda da zuma da ƙaho suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma ba su maye gurbin abin da likita ya rubuta. Ana sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12 da fara sha. Simvastatin da dare ake shansa, saboda haka azumin Ramadan ba ya hana shi, sauran ma ana iya mayar da su bayan buɗa-baki. Wanda ya ji ciwon tsoka da ba ya tafiya, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu, ya koma wurin likita da sauri, domin akan rage adadin ko a canza wani, ko a haɗa da wani maganin mai suna ezetimibe. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta sanar da likita tukuna. Wanda zai tafi gida hutu ya tanadi maganin da zai ishe shi har ya dawo.

Idan aka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce 'yan mintuna, ko yana bi ta hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da ƙarancin numfashi, ko kuma baki ya karkace magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. A kira motar agaji ta lamba 997, ko 911 a yankin Makka, a zaunar da marar lafiyar, kuma kada a bar shi ya tuƙa mota da kansa zuwa asibiti.