Nutsar da hankali don rage fargabar shiga jama'a: yadda ake yi da inda ake taka-tsantsan

A Damagaram, yaron da ya sunkuyar da kai a gaban manya yabonsa ake yi, a ce yana da kunya. Amma akwai wanda nasa ya wuce kunya. Ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ya san karatunsa sarai, amma da an kira sunansa ya tashi gaban aji sai bakinsa ya bushe, hannunsa ya kama rawa, takardar da ke hannunsa ta jiƙe da gumi. Ko kuwa magidancin da ya gwammace ya aiki yaro kasuwar Dole da ya tsaya ciniki da kansa, yana kuma zagaya ta wani lungu don kada ya bi ta gaban fadar abokansa, wato wurin da suke zaman hira da shan shayi. Bambancin shi ne, mai kunya yana iya yin abin da ya kamata idan ta kama, wannan kuwa yana so amma tsoron idon mutane ya ɗaure shi. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana da magani.

Daga cikin dabarun da ake haɗawa da maganin akwai wadda masu Faransanci ke kira ipnoz, wato nutsar da hankali ta hanyar magana. Wani likita ɗan Sikotilan, James Braid, shi ya yaɗa sunanta a littafinsa na 1843, ya aro shi daga kalmar Girkanci mai nufin barci, ko da yake ba barci ba ne. Wanda aka nutsar yana ji, yana iya magana, yana iya buɗe ido ya tashi idan ya ga dama. Ba bori ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Ya fi kama da halin mai ɗinkin hula da aikinsa ya ɗauke masa hankali har a yi masa sallama sau biyu bai ji ba.

Kafin komai, ka raba buƙatu biyu da mutane ke haɗawa: rage tsoro, da kuma tono abin da aka manta. Da yawa suna zuwa da tunanin cewa lalle wani abu ya same su suna yara, sun manta, kuma idan aka nutsar da su aka tono shi tsoron zai tafi. A nan ne nake ganin haɗari mafi girma. Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da za a mayar baya a saurara. Duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake harhaɗa shi yake yi, yana cike gurbi da abin da ya ji ko ya zata. A 1995 masu binciken halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell a Amurka sun ba mutum 24 labaran yarintarsu, uku na gaskiya, ɗaya kuma ƙirƙirarre cewa sun taɓa ɓata a wata babbar cibiyar kantuna. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka yarda abin ya faru da su, alhali ba a ma nutsar da su ba. Nutsarwa tana ƙara wa mutum saurin karɓar abin da aka raɗa masa, tana kuma ƙara masa tabbaci a kan abin da ya tuna ko da kuskure ne. Saboda haka ƙungiyar likitocin Amurka ta bayyana a 1985 cewa abin da aka tuna ta wannan hanya bai fi tunawa ta yau da kullum inganci ba. A gidan da kakanni da baffanni da ƴaƴansu ke zaune tsakar gida ɗaya, zargi guda da aka gina kan irin wannan tunawa ya isa ya yanke zumunci har jikoki. Abin farin ciki shi ne, ba sai an gano asalin tsoro ake rage shi ba.

Mataki na farko shi ne ganin likita, ka faɗa masa abin da jikinka ke yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Faɗuwar gaba da rawar hannu na iya zuwa daga ciwon maƙoƙo mai sa jiki gudu, ko daga ƙwayoyi irin su tramol, ko ma daga shayin farko mai ɗaci da ake sha kofi bayan kofi. Wanda ke jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yake ganin ana bin sa, bai kamata a nutsar da shi ba. Likitan ƙwaƙwalwa yake bukata.

Idan ka sami mai yin wannan aiki, ka tabbatar likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai takardar shaida, ka kuma tambaye shi abin da zai yi da kai da yawan zaman da yake tsammani. Ka saurari irin tambayoyinsa da kyau. Wanda ya ce maka “Malam, me ka gani?” ya bar maka fili. Wanda ya ce “Wane ne ya shigo ɗakin, ba kawunka ba ne?” ya riga ya sa maka amsa a baki, kuma wannan ya isa dalilin da za ka ɗauki takalminka. Haka nan wanda ya yi alkawarin warkewa a zama ɗaya. Mace tana da damar zuwa da ƴar'uwarta ta zauna kusa.

Mafi yawan amfanin yana cikin abin da kake yi da kanka a gida. Ka zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, kamar bayan sallar asuba, ka kashe salula, ka zauna ka jingina da bango. Ka kafa ido a wuri guda, ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, har idanunka su yi nauyi ka rufe su. Ka saki jikinka gaɓa-gaɓa tun daga yatsun ƙafa har muƙamuƙi, sannan ka ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Daga nan ka kawo wurin da kake tsoro a zuciyarka filla-filla: tabarmar fada, ƙamshin gawayi, butar shayi tana tafasa, fuskoki suna juyowa. Ka ga kanka ka yi sallama, an amsa, ka miƙa hannu ka zauna. Idan gabanka ya faɗi, ka koma kan numfashi har ya lafa, ka sake shiga. Kada ka ce wa kanka ba za ka ji tsoro ba, domin zuciya ta san ƙarya ce; ka ce ko muryarka ta yi rawa za ka ƙarasa maganarka. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa, sai ka ƙirga ɗaya zuwa biyar ka buɗe ido.

Sai dai wannan shiri ne kawai, kamar wasa wuƙa kafin yanka. Maganin da bincike ya fi tabbatarwa ga wannan ciwo shi ne na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ginshiƙinsa fuskantar abin tsoro ne kaɗan-kaɗan. Ka rubuta wurare kamar goma daga mai sauƙi zuwa mai wuya: gaida mai shago, tambayar kuɗin kaya ka tafi ba ka saya ba, zaman minti goma a fada, har zuwa yin magana a taron suna. Abin da ka gwada a zuci da safe ka aikata shi a ranar, kuma kada ka hau na gaba sai na ƙasa ya daina kaɗa maka hanta. A wurin, ka mai da hankalinka kan abin da mai magana ke faɗi maimakon sauraren bugun zuciyarka.

Idan kuma wani tsohon abu ya faɗo maka a rai ana cikin haka, ka rubuta shi da kwanan wata, ka ware abin da ka daɗe kana sane da shi daga wanda ya zo sabo. Kada ka tunkari kowa da shi, kada kuma ka sake nutsar da kanka don neman ƙarinsa. Ka kai wa likitanka takardar, ku duba tare ko akwai wani abu a waje da zai tabbatar da shi, kamar tabo, ko takardar asibiti, ko wani babba da ya san lokacin.