Yadda za ka haɗa tarihin tsohon sojan sama bayan ya rasu

Duk wanda ya shiga jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ko da yana ɗan shekara 18 ne a 1945, yanzu ya doshi ɗari ko ya haura, shi ya sa 'yan kaɗan ne suka rage a Amurka da Ingila, kuma in ɗaya ya rasu sai iyali su ɗora wa jika guda nauyin rubuta abin da za a karanta ranar jana'iza. In kai aka ɗora wa, ga yadda nake ganin za ka bi.

Fara da takardu kafin ka je wajen mutane, don mutane kan ƙara gishiri ba da gangan ba. Nemo takardar sallamarsa daga soja, nan za ka ga ranar shiga da ta fita da muƙami da rundunarsa. In ta ɓace kuma Ba'amurke ne akwai cibiyar ajiye fayilolin soja a St. Louis, sai dai ka shirya zuciyarka, gobara ta ci wurin a watan Yulin 1973, fayil miliyan 16 zuwa 18 suka ƙone, kuma na sojan saman lokacin yaƙi da yawa suna ciki, domin a lokacin reshe ne na sojan ƙasa, sai a 1947 suka ci gashin kansu. In na RAF ne, wato rundunar sojan saman Ingila, to bincika akwatinsa, suna da wani littafi da suke rubuta kowane tashi, rana da jirgi da inda aka nufa da awa nawa aka yi a sama.

Sai ka tantance aikinsa a cikin jirgin. Abin da ke ba ni haushi, kowa sai a ce matuƙi ne. Jirgin B-17 na Amurka mutum goma yake ɗauka, Lancaster na Ingila bakwai, matuƙi ɗaya ne ko biyu kacal, sauran akwai mai duba hanya da mai sakin bam da mai rediyo da masu bindiga da injiniyan da ke lura da injuna huɗu da man jirgi, wasu kuma ba su taɓa tashi ba sam, makanikai ne masu kwana cikin sanyi suna toshe hudojin harsashi don jirgi ya tashi da asuba. In makanike ne ka rubuta makanike, ba abin kunya ba ne.

Wajen ibadarsa ne nake so ka ɗan daɗe. Rundunar masu kai harin bam ta Ingila tana da kimanin mutum 125,000 masu tashi, 55,573 ba su dawo ba. Amurkawan da ke tashi daga Ingila da fari sai mutum ya cika tashi 25 ake barinsa ya koma gida, daga baya aka mai da shi 35. To mutumin da ya fito daga wannan in ya ce Allah ne ya tsare shi, ba maganar fatar baki yake ba. Don haka kar ka rubuta "mai addini ne" ka wuce abinka, kowa haka ake ce masa in ya mutu. In Kirista ne, je ka tambayi faston cocinsu da tsofaffin da suka zauna benci ɗaya da shi, shekara nawa ya yi yana koyar da yara ranar Lahadi, wace waƙa yake so, shi ne ke gyara musu na'urar ɗumama ɗaki in ta mutu? Buɗe Littafi Mai Tsarki nasa ka ga inda ya ja layi da biro. In kuwa bai taɓa son maganar yaƙin ba, faɗi hakan kawai, kar ka ƙirƙira masa jarumtar da bai ba da labarinta ba.

In kuma bayan yaƙi aikin injiniya ya yi, shi ake yawan mantawa, alhali yaƙi shekara biyu ko uku ya ci masa, aiki kuwa talatin ko arba'in. Amurkawa da yawansu dokar GI Bill ta 1944, mai tallafa wa tsofaffin sojoji, ita ce ta biya musu kuɗin jami'a. Gano abin da ya gina ko ya zana takamaimai, gada ce ko inji ko rediyo, sa sunansa a Google Patents ka gani ko ya yi rajistar wata ƙirƙira, don sau da yawa 'ya'yansa ma ba su sani ba, sun dai san yana fita da safe.

In an gama zaman makoki kar a watsar da wasiƙunsa da hotuna. Laburaren majalisar dokokin Amurka yana da shirin tattara tarihin tsofaffin sojoji tun shekarar 2000, amma na asali suke karɓa, don haka ka yi sikanin komai ka tura wa dangi kafin ka aika musu.