Yadda iyalin manomi za su shirya kayan lambu don ranar kasuwa

Tumatir ko ganyen latas da aka tsinke yana ci gaba da numfashi, yana ƙona ɗan abincin da ya tara, yana kuma fitar da ruwa ta fatarsa, alhali babu sauran saiwar da za ta mayar masa da abin da ya rasa. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, saurin wannan numfashi kan ninka sau biyu ko uku. Saboda haka iyalin da ke kai amfanin gonarsu kasuwar manoma su sani cewa yawancin cinikin ranar yana ƙulluwa ne tun a gona, cikin sa'o'in da ke tsakanin tsinka da ɗaukar kaya, kafin mai saye ko ɗaya ya iso.

A yi tsinka da sassafe, lokacin da sanyin dare bai bar jikin shuka ba, kuma duk kwandon da ya cika a kai shi inuwa nan take, kada a bar shi a bakin kunya har a gama sauran aikin. Ganye kamar latas da alayyafo ya fi komai saurin yaushi, don haka shi ake tsinka a ƙarshe, a yayyafa masa ruwa mai tsabta, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin ruwan da ke bushewa daga buhun yana tafiya da zafin kayan. Ruwan ya zama irin wanda mutum zai iya sha, tunda akwai masu cin ganyen ɗanye. Karas kuwa a yanke masa ganyensa, domin ganyen na ci gaba da zuƙe ruwan jikinsa, har wanda aka tone da ƙarfinsa da safe ya koma yana lanƙwasuwa a hannu da yamma. Albasa ba ta son laima ko kaɗan, sai wuyanta ya bushe sarai kafin a zuba ta a buhu.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne mazubi, domin a nan ake tafka asarar da ba a gani sai an isa. Idan aka zuba nunannen tumatir a kwando mai zurfi, nauyin na sama yana danne na ƙasa a duk lokacin da mota ta faɗa rami, sai an sauke a tarar gindin kwandon ya jiƙe, waɗanda ba su fashe ba kuma sun yi tabon da zai bayyana bayan 'yan sa'o'i. Akwatin roba marar zurfi, mai huji a gefe, wanda ake ɗora wani a kan wani ba tare da ya taɓa kayan ciki ba, ya fi dacewa, kuma ana iya wanke shi bayan kowace kasuwa. A ware mai rauni ko mai tsutsa tun a gida, a raba sauran zuwa manya da ƙanana, kowane da farashinsa.

Kada a haɗa kowane irin kaya wuri ɗaya. Nunannen tumatir da ayaba da tuffa suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa ganye ya koma rawaya, ta kuma sa karas ɗaci. Wanda ke da firiji ya sa ganye a ciki, amma ya bar tumatir a waje, domin sanyin da ya gaza digiri 10 yana kashe masa ɗanɗano, ayaba kuma fatarta kan yi baƙi a ƙasa da digiri 13.

A kasuwa, a fara neman sanin ƙa'idodin wurin, tunda wasu kasuwannin manoma suna buƙatar rajista, wasu kuma ba su yarda mutum ya sayar da abin da ba shi ya noma ba. A kafa rumfa, a shimfiɗa kaya a kan tebur, a fito da kaɗan kaɗan, sauran su zauna a inuwa. A tanadi canji da sikeli mai gaskiya wanda mai saye zai iya ganin fuskarsa. Idan iyalin sun kai mutum biyu ko uku, ya kyautu mai karɓar kuɗi ya zama daban da mai taɓa ganye, saboda tsabta da kuma sauƙin lissafi. Mai saye zai tambayi yaushe aka tsinko kayan, ko an yi musu feshin magani, kuma amsar da ta dace ita ce ta gaskiya, domin wannan mutumin ake fatan sake gani a mako mai zuwa.

Wajen yanka farashi, a haɗa kuɗin iri da taki da ban ruwa da kuɗin mota da na rumfa, sannan a sa ladan aikin 'yan gida, wanda iyalai da yawa kan manta da shi saboda ba a biyan sa a hannu. Bayan an tashi daga kasuwa, a rubuta a littafi abin da aka kawo, abin da aka sayar da abin da ya dawo, domin bayan makonni kaɗan littafin zai nuna adadin da ya kamata a riƙa tsinka, da irin shukar da ta cancanci a ƙara mata fili a kaka mai zuwa.