Yadda za ka auna dabarar ninka zubi kafin ka zauna a teburin kati

"In an ci ka, ninka. Da ka ci sau ɗaya, komai ya dawo." Wannan ita ce dabarar da ake kira Martingale, tun ƙarni na 18 'yan caca ke yin ta a Faransa. Kafin ka yarda da ita, ɗauki biro da takarda.

A ce zubinka na farko dala 10 ne. Ninka shi: 20, 40, 80, 160, 320, 640. Zagaye bakwai ke nan an cinye ka a jere, dala 1,270 ta tafi. A na takwas sai ka ajiye 1,280, kuma ko ka ci, ribarka kaf dala 10 ce. To, dubi ɗan allon da ke gefen tebur, inda aka rubuta mafi ƙarancin zubi da mafi yawa. Idan iyakar 1,000 ce, an riga an datse maka hanya, ko da kuɗin na aljihunka. Faɗuwa bakwai a jere kuwa ba baƙon abu ba ne: ko wasan raba-daidai ne, damarta ɗaya ce cikin 128.

Akwai wasu dabarun masu sauƙi-sauƙi. A tsarin D'Alembert, ka ƙara kwatankwacin zubinka na farko in ka faɗi, ka rage kwatankwacinsa in ka ci. A Paroli sai ka ci kake ninkawa, bayan ci uku ka koma farko. Wannan ta fi kwanta mini, don kawai ba ta sa mutum bin asara da gudu. Amma duk cikinsu babu wadda ke taɓa rabon gidan caca, wato kason da gidan ke ci daga kuɗin da ake zubawa idan wasa ya yi tsawo.

Rabon nan shi ne abin dubawa. A wasan katin baccarat, inda ake zuba kuɗi kan wanne hannu zai ci tsakanin "banker" da "player", zubi kan "banker" yana bar wa gida kusan kashi 1.06 cikin 100, kan "player" 1.24, kan canjaras kuwa sama da 14, don haka kada ma ka kalli wajen. A wasan katin blackjack, inda ake neman maki 21, wanda ya haddace dabarar wasan ta asali yakan sauke rabon zuwa wajen rabin kashi ɗaya. Ka tambayi mai rabon kati nawa ake biya in katinka biyu na farko sun ba da 21: 3 kan 2 na nufin dala 15 a zubin 10, amma 6 kan 5 dala 12 ce kacal.

Batun asara kuma tun daga gida ake yanke shi. Ware abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba, ka ɗauke shi a matsayin wanda ya riga ya tafi. Katin banki ya zauna a gida. Raba kuɗin da ka ware kashi 50 ko fiye, ka riƙa zuba guda-guda ba ƙari, ka sa wa wayarka ƙararrawar tashi. Bashi kuwa, ko na sisi.

Da ka ji zuciyarka na cewa "bari in fanshe", tashi. In ka fara ɓoye wa iyali abin da ka rasa, ba sabuwar dabara kake buƙata ba. Gidajen caca masu lasisi a ƙasashe da yawa suna da rajistar da mutum ke sa sunansa a hana shi shiga, sai ka nemi a sa naka.