Yadda ake haɗa taro a ƙaramar cibiyar al'adu ta ƙauye har mutane su cika wurin

Wani ƙanina daga wajen Sandamu ya turo mani saƙo wai sun samu ɗaki, tsohon ajin yaƙi da jahilci ne da aka daina amfani da shi, sun share sun shafa fenti sun rubuta cibiyar raya al'adu a jikin bango, yau wata uku kenan ba mai leƙawa sai awaki, wai ya za su yi. Sai da na yi dariya, don mu ma haka muka fara a namu ƙauyen nan ƙasar Daura, muna ganin tunda an samu ɗaki ai shikenan mutane za su zo da kansu. Ba su zo ba. To ga abunda na gaya mashi, na ce bari in rubuta shi da ɗan tsawo ko wani ma zai amfana.

Kafin ka yi maganar kuɗi ko makaɗi, zauna ka duba lokaci, don nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Daga saukar damina wajen watan Yuni har zuwa ƙarshen Satumba manta da taro, kowa na gona, wanda ya dawo da yamma kuma a gajiye yake, ko kyauta kake rabawa da ƙyar zai tsaya. Ka bari sai kaka, an yanke gero an kai dawa gida an roro wake, aljihu ya ɗan yi nauyi, hankali ya kwanta. Ba banza ba mutanen da suke yin kalankuwa da dambe da kokawa a wannan lokacin. Sannan ka duba ranar kasuwa. Mu nan in ka sa taro ranar Lahadi to kai da kujerunka za ku zauna, don rabin garin na kasuwar Mai'adua, masu shanu da dillalai da 'yan acaɓa har da masu abinci. Kowane yanki da tashi kasuwar, ka san taku ka kauce mata. Haka in watan Maulidi ya kama kar ka ce za ka yi gasa da Sallar Gani, duk mai kuɗin mota Daura ya nufa kallon hawa, gara ka bari a dawo da kwana kaɗan, lokacin ma baƙin da suka zo daga nesa ba su gama komawa ba.

A cikin yinin kuma abunda muka ga ya fi shine bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Awa biyu ne ko ƙasa da haka, kuma wallahi sun isa. In dare kake so don tatsuniya to ka nemi farin wata, ka kuma tuna cikin hunturu tsoho ba zai zauna maka a waje sanyi na kaɗa shi ba. Ƙauyukan da ke fama da matsalar tsaro kuwa maganar dare ma bata taso ba, a tashi da sauran rana kowa ya isa gida. In kuma aka yi rasuwa a garin, ko an riga an kafa kanofi a ɗage, ba a kiɗa ana zaman makoki a bayan katanga.

Sai neman izini, kuma da ƙafa ake zuwa. Kar ka tura ma mai unguwa takarda ta hannun yaro, balle saƙon WhatsApp. Ku je ku biyu ko uku, da mai ɗan furfura a cikinku, ku riƙe goro, ku cire takalmi ku zauna ƙasa, a gaisa sosai a tambayi iyali da jama'a kafin a shiga magana. Ranka ya daɗe, yaranka ne suka ga ya kamata a tuna ma na baya abubuwan da iyaye suka bari, shine muka zo neman izini da albarka. Shi zai kai ku wajen dagaci, in abun ya yi girma dagaci ya sanar da hakimi. Kar ka tsallake ko ɗaya don kana da lambar wani a sama, ranar da rigima ta tashi wanda ka tsallake ɗin shi za a fara kira.

Daga nan sai liman. Shi kuma kar ka ɓoye mashi komai, in akwai kiɗa ka ce Allah gafarta malam akwai kalangu, ga inda maza za su zauna ga inda mata za su zauna, ga lokacin tashi. In ya ce a rage wani abu a rage, ya fi maka sauƙi da ka ji sunan taronku a huɗubar Juma'a. Ofishin 'yan sanda da 'yan sintirin gari da Hisba in akwai su kusa, su ma a sanar da su da wuri.

To yanzu me za a yi a taron, nan ne nake son in daɗe. Taronmu na farko mun rubuta abubuwa sun fi goma a takarda, jawabin shugaba, jawabin babban baƙo, jawabin uban taro, jawabin wakilin matasa, har da wani wai jawabin fatan alheri. Babban baƙon bai iso ba sai da rana ta yi ja, muna ta jiranshi yara suka watse, tsohon da muka ɗauko don ya ba da tarihin garin ko makirfo bai taɓa ba aka kira salla. Har yau in na haɗu da shi kunya nake ji. Tun daga ranar muka canza, taro ɗaya abu ɗaya, kuma mutanen garin su ne 'yan wasa su ne 'yan kallo.

Misali ranar maƙera. Ka roƙi sarkin maƙera ya kawo zuga-zuginshi da uwar maƙera da gawayi ya ƙera lauje ko fartanya a gaban mutane, yara na kallon yadda ƙarfe ke ja yana lanƙwasa, wani yaron ma a bashi ya zuga. Za ka sha mamaki, yaron da aka haifa a garin nan bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba. Wata ranar masaƙi, wata ranar dukawa masu aikin fata, wata ranar tsohuwa ta zo da mazari da auduga ta kaɗa zare. Kuma kar ka bari su yi aikin shiru, a samu mai surutu ɗaya a gefe yana tambaya, Baba wannan me sunanshi, wa ya koya maka, da can nawa ake saida shi. Tsoho in ya ga ana saurarenshi da gaske sai ya fito da maganar da ko 'ya'yanshi ba su taɓa ji ba.

Shi ɗakin kuma kar a barshi fayau. Ku bi gida gida ku aro kayan da, akushi, ludayin duma, faifai, taskira, tulu, galma, kwari da baka, tsohuwar fitilar aci-balbal, tsofaffin kuɗi irin su anini da sisi in an samu. Amma dan Allah a samu littafi a rubuta sunan mai kaya da abunda ya bayar, a kuma manna 'yar takarda a jikin kayan. Akushi ɗaya ya taɓa ɓace mamu, na kakar wani ne, sai da maganar ta kai gaban mai unguwa, kuma shekara guda ba wanda ya sake ara mamu ko tsinke.

Yara su ne suka fi sauƙi. Langa, gasar karin magana, kacici-kacici, a ce kulin kulifita su amsa da ƙarfi. Dattawa a haƙa masu gurbin dara a gindin bishiya ka ga yadda gardama za ta kaure. Da azumi in an kwana goma yara na fita tashe da kansu, to sai ku ce duk ƙungiyar da ke so ta zo ƙofar cibiya bayan an sha ruwa an yi asham ta nuna nata, a ba wanda ya fi ɗan abu. Tatsuniya kuwa sai tsohuwa, kuma kar a ɗora ta kan kujera da makirfo kaman mai wa'azi, a shimfiɗa mata tabarma yara su kewaye ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta. In an gama da Gizo da Ƙoƙi sai a jawo labarin gida, Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. In Allah ya hore kuɗin mota ku kwashi yaran ku kai su su ga rijiyar da idonsu, tana nan cikin garin Daura. Na wajen Mani ga Durɓi ta Kusheyi, wurin kaburburan sarakunan da, kusa da su, na kusa da birnin Katsina ga hasumiyar Gobarau.

Dambe kam ina ba da shawara a bari sai an ƙware. Yana tara jama'a fiye da komai amma yana zuwa da nashi, 'yan kallo daga wasu garuruwa, caca a gefe, masu shaye-shaye, ga rauni. In dole sai an yi to a miƙa ma sarkin fawa ragamar, su ne masu abun tun asali, a kuma tanadi mai duba wanda ya ji ciwo. Kokawar samari ta fi sauƙin riƙewa.

Maganar mata kuma, in kwamitinku duk maza ne to rabin garin kuka bari a baya. Matan aure da yawa ba za su fito fili cikin maza ba, kuma ba laifinsu bane. Abunda ya yi mamu aiki shine a ware masu ranarsu, a cikin gida mai katanga ko a rufe cibiyar ya zama su kaɗai, babbar mace ɗaya da ake jin maganarta ta riƙe komai. Su suka san mai kiɗan ƙwarya, su suka san wadda ta iya shantu, 'yan mata su yi gaɗa, a yi gasar dambu ko fura ko saƙar faifai. Kai namiji aikinka ka kai tabarmi da ruwa ka koma waje. Kuma a fara gaya ma mazajen a majalisa kafin ranar, don kar mace ta shirya a hana ta fita.

Kuɗi. Karo-karo ya fi komai albarka, mai ɗari biyu ya kawo, mai kwanon gero ya kawo a saida, 'yan garin da ke Kano da Abuja da Legas a buɗe masu guruf a WhatsApp a riƙa tura masu hoto, su ne ke turo mai ɗan kauri. Ɗan siyasa in ya bayar a karɓa a yi godiya, amma kar a jingina taron da shi, kuma kar a yarda a liƙa fosta a wurin, da an ga hular jam'iyya ɗaya 'yan ɗaya jam'iyyar sun tafi kenan. Ma'aji daban, mai rubutu daban. Abunda ke cin kuɗi dama sanannu ne, hayar lasifika, man janareto, ruwan sha, sallamar makaɗa. Kujeru kaɗan sun isa na manya, sauran tabarma, a aro daga makarantar allo da gidajen mutane. Maimakon fiya wata a jera randuna biyu da moɗa. Wuta kuma kar ka sa rai da ita ko da garinku akwai turaku, ka nemi janareto ko batirin sola, a gwada tun da safe.

Shela ba ta da wuya, sanƙira ya zaga gari kwana biyu kafin ranar da kuma safiyar ranar, a faɗa a masallaci bayan salla, a gaya ma hedimasta da malaman islamiyya, a bar magana wajen mai shayi. Wannan ya fi fosta nesa ba kusa ba.

Ranar taro a share fili a yayyafa ruwa don ƙura, a ja igiya tsakanin 'yan kallo da masu wasa, a sa samari huɗu ko biyar masu haƙuri su kula da yara, ba masu saurin ɗaga bulala ba. Mai gabatarwa ya zama wanda ya san sarautun garin da jerinsu, don in ya kira sarkin noma kafin dagaci ko ya manta wani mai unguwa, to wannan ita ce hirar da za a yi sati ana yi, ba taron ba. A buɗe da addu'a, mai gari ya sa albarka a taƙaice, a shiga wasa. Ko babban baƙo bai zo ba a fara, in ya iso a tsaya a gaishe shi a ci gaba. Masu ɗaukar bidiyo da waya a ja masu kunne, ba a ɗaukar matar mutum a watsa a TikTok, tsoho ma a tambaye shi kafin a ɗauka. Amma ku kwamiti ku naɗi muryar tsofaffin nan ku adana a wuri biyu, mu akwai wanda muka ce sai taro na gaba, kafin kaka ta zagayo ya riga mu gidan gaskiya. Da ladan ya taɓa lasifika a kashe taku, ko ana tsakiyar wasa ne.

Washegari da sassafe a maida tabarmi da kujeru da kayan aro, kowa a kai mashi har gida da godiya. A koma wajen mai unguwa da dagaci da liman a ce ranka ya daɗe an tashi lafiya. Cikin satin a tara kwamiti a ƙofar cibiya a karanta lissafi da ƙarfi kowa na ji, ga abunda ya shigo ga abunda ya fita ga saura, a tura hoton shafin ma 'yan guruf. A wannan zaman kuma a tsaida ranar taro na gaba kafin a tashi, a ba mutum ɗaya makullin ɗakin, a ce ya riƙa buɗewa ko da yammacin Alhamis ne, ya shimfiɗa tabarma ya ajiye dara.