Yadda Ake Gyara Matiriks Domin Gano Ƙananan Ƙwayoyin Sinadari a Na'urar MALDI

Duk wanda ya taɓa ɗora samfurin gyaɗa ko masara daga kasuwar Mile 12 ta Legas a kan farantin MALDI, na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari da taimakon hasken leza, yana neman gubar afulatoksin, ya san inda gizo yake saƙar. Matiriks, wato sinadarin da ake cuɗa samfuri da shi domin ya shanye hasken leza ya ɗaga ƙwayoyin sama da caji a jikinsu, shi kansa ƙaramar ƙwaya ce, saboda haka tsinayensa, wato alamun da yake bari, suna cika zanen sakamako daga ƙasan lamba 500 a ma'aunin nauyin ƙwaya bisa cajinta, daidai inda magunguna da gubobi suke fitowa. Karas da Hillenkamp a Jamus, da Tanaka a Japan, sun buɗe wannan hanya a shekarun 1980 ne domin manyan ƙwayoyi irin su furotin, waɗanda wannan cunkoso bai shafe su ba.

Abu na farko shi ne a harba leza a kan matiriks zalla, ba tare da samfuri ba, a rubuta lambobin da suka fito. Cikin matiriks ɗin da aka saba amfani da su, CHCA yana fitowa a 172 da 190 da 212 da 379, DHB kuma a 137 da 155. Akwai wani tsini na CHCA a 335.10, alhali afulatoksin B1 idan ya ɗauki sodiyam yana fitowa a 335.05. Na taɓa shafe kwana biyu a wani ɗakin gwaji a nan Legas ina bin wannan tsini, ina zaton gyaɗar da wani ɗan kasuwa ya kawo mana ta gurɓata, sai da na koma kan matiriks zalla na ga tsinin yana nan daram. Da na sa hannu a wannan rahoto, da na zubar da jarin bawan Allah a banza, kuma abin yana tsaya mini a rai har yau.

Bayan haka sai tsarki. CHCA mai kyau launinsa rawaya ne mai haske. Idan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, to ya ɗauki datti. A narkar da shi cikin etanol mai ɗumi, a tace, a ƙara masa ruwa mai tsarki kamar ninki biyu, a bar shi ya kwana a firiji, sannan a tace ƙwayoyin da suka fito a busar da su. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, ga shi kuwa kayan gwaji daga waje ake shigo da su da dala. Gishiri ma abokin gaba ne, domin sodiyam da fotasiyam suna haɗa ƙwayoyin CHCA gungu-gungu, kowane gungu da tsininsa. Ɗan amoniyam fosfet, kimanin milimola 10, yana rage wannan sosai, haka nan ɗan CTAB, wani sinadari mai kama da sabulu, yana danne tsinayen matiriks, sai dai idan ya yi yawa yakan danne samfurin ma.

Yawan matiriks shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. Ma'aunin da aka saba da shi wajen furotin, inda matiriks yake ninka samfuri sau dubbai, bai dace a nan ba. Idan aka yi ta rage shi har ya koma ninki goma zuwa ɗari, aka kuma saita ƙarfin leza sama kaɗan da inda tsini ya fara bayyana, sau da yawa tsinayen matiriks sukan ja da baya. A jera ɗigo biyar ko shida masu ma'auni daban-daban a kan faranti ɗaya, a kwatanta.

Bushewar ɗigo tana buƙatar kulawa ta musamman a Legas, inda iska take ɗauke da danshi kusan duk shekara. Ɗigon DHB da ya daɗe bai bushe ba yakan fitar da dogayen allurai a bakin da'irar, tsakiyar kuma ta zama fayau, sai a harba nan a samu, a matsa kaɗan a rasa. A busar da faranti cikin tukunyar busarwa mai silika, ko a haɗa CHCA da anilin ko butilamin daidai wa daida, wanda ke ba da shimfiɗa mai laushi da ta fi bazuwa bai ɗaya.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a sauya matiriks. Ga sinadarai masu tsami da ake auna su da caji mai ragi, 9-aminoakiridin ya fi dacewa, tsininsa babba yana 193, sauran filin kuma da sauƙin cunkoso. Akwai wani matiriks na dangin fofirin mai nauyin 974 wanda tsinayensa suke can sama, akwai kuma garin girafayit da silikon mai ramuka, wanda ɗakin gwajin Siuzdak ya gabatar a 1999, da ƙananan ƙwayoyin zinariya, waɗanda su ma suke barin alamarsu a 197 da 394 da 591. A ganina bai kamata a kashe kuɗi a kan waɗannan ba sai an gama da tsarki da ma'auni da bushewa. Wanda kuma yake son sanin yawan sinadari, kamar adadin tiramadol cikin ƙwayar magani, dole ya zuba tagwayen sinadarin mai ɗauke da diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, a cikin kowane ɗigo, ya auna tsinin tiramadol na 264 da tsinin tagwayen a harbi ɗaya.